Lissafin da ke Ƙarƙashin Ƙyalƙyali: Yadda Ake Ɗauka da Tace Bidiyon Waƙoƙin K-pop

A cikin ƙungiyoyin mawaƙan K-pop, wato waƙar zamani ta Koriya ta Kudu, Seventeen mutum 13 ce, Twice mutum tara, BTS bakwai. Waƙar K-pop kuwa a yanzu da ƙyar take haura minti uku, wato daƙiƙa 180. In aka raba 180 gida 13, kowa bai samu daƙiƙa 14 cikakku ba, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ne za a cire na rawar taro da na hotunan da babu fuskar kowa. Ga magoya baya a gefe riƙe da agogo, don da zarar bidiyo ya fita akwai masu zama su ƙirga daƙiƙa nawa gwaninsu ya samu, su wallafa, a yi ta cece-kuce da kamfani. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka kuɗi ne kawai aka zuba. Kuɗin na nan, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kusan duk dabarar da ake gani a bidiyon waƙoƙin Koriya ta Kudu, daga launin gashi zuwa inda edita ya yanke hoto, amsa ce ga tambaya guda: ta yaya za a gane mutane da yawa ɗaya bayan ɗaya cikin ƙanƙanin lokaci, ba tare da rawar da ta haɗa su ta tsinke ba?

Aikin na somawa ne tun kafin a kira darakta. Manyan kamfanoni irin su SM, YG, JYP da HYBE suna da sashen da ke tsara siffar kowace fitowar sabuwar waƙa: launukan da za su mamaye, zamanin da za a kwaikwaya, yanayin da ake so mai kallo ya shiga. Sai a miƙa wannan ga wani kamfanin ɗaukar bidiyo na waje, kamar Zanybros, Digipedi, Lumpens ko GDW. Abin da darakta ke karɓa ba waƙa kaɗai ba ce. Akwai takardar da ta nuna wa ke rera wane layi, akwai kuma bidiyon rawar da aka ɗauka a ɗakin atisaye da kyamara a kafe. Daga waɗannan biyun ake zana jadawalin hotuna. Tun ran gini tun ran zane: in takarda ta ce mutum na biyar ne zai rera layi a daƙiƙa ta 47, to a lokacin ne rawa za ta turo shi tsakiya, a nan kyamara za ta same shi, kuma kayan jikinsa dole su bambanta shi da na kusa da shi.

Hotunan da ake ɗauka iri uku ne, ko da yake ba daidai suke da nauyi ba. Na farko rawar taro, ita ce ƙashin bayan bidiyon. Na biyu hoton kowane mawaƙi shi kaɗai yana rera layinsa, galibi a wani ɗan ɗaki da aka gina dominsa. Na uku guntayen labari ko alamomi, ƙofa da ke buɗewa, gilashi da ke fashewa, waɗanda magoya baya za su yi makonni suna fassarawa. Ana haɗa duka cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa har da kwanan zaune, a manyan situdiyo na lardin Gyeonggi da ke kewaye da Seoul, wurare irin su Paju da Namyangju. Dalilin son situdiyo a bayyane yake: rana ba ta jiran kowa, girgije na canza haske, amma a cikin ɗaki rufaffe ƙarfe uku na dare da sha biyun rana duk ɗaya ne. Akwai dai iyaka ga ƙananan yara, domin dokar 2014 ta ƙayyade aikin ɗan ƙasa da shekara 15 zuwa awa 35 a mako, don haka in akwai ƙarami a ƙungiya, nasa hotunan ake fara kammalawa.

Rawar taro ita ce inda wahalar take. Koriyawa na da kalma, kalgunmu, ma'ana rawa mai kaifin wuƙa, inda hannuwa tara ke tashi a kusurwa ɗaya a lokaci ɗaya. Ba don burgewa kawai ake nacewa a kan haka ba. Ana yin rawar daga farko zuwa ƙarshe a kowane ɗaki da kowace shiga ta kaya. A ƙaddara ɗakuna huɗu, kusurwar kyamara uku a kowanne, maimaici biyar a kowace kusurwa: an yi rawar sau 60 ke nan. Amfaninsa sai a wurin tacewa yake fitowa. Hannu ya fara tashi a jan ɗaki da baƙaƙen kaya, ya ƙarasa tashi a farin ɗaki da shuɗayen kaya, ido bai ji an yi tsalle ba. Wannan ba ya yiwuwa sai abubuwa huɗu sun tsaya cak a duk ɗakunan: tsayin kyamara daga ƙasa, nisanta da layin gaba, gilashin da aka ɗaura mata, da wurin tsayuwar kowa. Shi ya sa ake manna alamomi a ƙasa, sifili a tsakiya, lambobi suna tafiya dama da hagu, kuma wani yana rubuta awon kowane abu. In aka yi sakaci kyamara ta ɗaga da taƙi guda a ɗaki na biyu, kawuna za su yi tsalle a wurin yanka, sai edita ya koma rufe ɓarakar da walƙiya ko da hoton fuska.

Gilashin da ake sa wa kyamara a rawa mai faɗin gani ne, wajen milimita 14 zuwa 24, a sauke shi ƙasa kusa da gwiwa. Yana tsawaita ƙafa, yana ƙara wa ɗaki girma, kuma duk wanda ya tako gaba sai ya zama kamar zai faɗo kan mai kallo. Illarsa tana gefe. Wanda ya tsaya a bakin hoto fuskarsa da jikinsa kan baje, don haka ake matse jerin 'yan rawa fiye da yadda suke yi a dandamali, a bar fili dama da hagu. In an zo hoton fuska sai a sauya zuwa milimita 50 ko 85 ko 100, wanda ba ya kumbura hanci, yana kuma narkar da bango. Akan ƙara wani siririn gilashi a gaba mai tausasa fata da sa fitilu su yi ɗan hazo.

Kyamarar ba ta cika tsayawa ba. Akwai dogon hannu mai miƙewa da janyewa, irin Technocrane, da ke kutsawa tsakiyar jeri a daidai bugun ganga, ya fice kafin hannun wani ya doke shi. Mai sarrafa shi dole ya haddace rawar kamar shi ma ɗan ƙungiya ne, yana ƙirga takwas-takwas tare da su. Akwai kuma hannun ƙarfe mai aiki da kwamfuta, irin Bolt, wanda ke maimaita tafiya ɗaya ba kuskure ko sau nawa ne. Da shi ake yin abin da ke ɗaure wa mutane kai, kamar kaya su canza a jikin mutum kyamara na tsakiyar juyawa, ko mutum ɗaya ya bayyana sau biyar a ɗaki guda. An ɗauki tafiyar ne sau da yawa, aka jera a kan juna. Na'urar ba ta ganin mutum, inda aka ce ta bi nan za ta bi, saboda haka ake shata mata da'ira a ƙasa wadda ba mai shiga.

Sai batun shota, wato tsawon lokacin da kowane firam, hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, ke buɗe yana shan haske. Ana ɗaukar yawancin bidiyon a firam 24 cikin daƙiƙa, kuma a al'adar fim kowane firam na buɗewa kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa. A haka hannu mai sauri yakan bar dishi-dishi a bayansa. Don rawa ta fito da kaifi sai a rage zuwa ɗaya cikin 96, wani lokaci har ɗaya cikin 192. Kowane ragi na rabi yana cin rabin haske, dole a ninka fitilu. In kuma aka zarce, motsi ya koma kakkarye kamar na 'yar tsana. Ga matsalar ɓari: wutar lantarkin Koriya ta Kudu na juyawa sau 60 a daƙiƙa, saɓanin 50 da ake da shi a Najeriya da Nijar, kuma ƙananan fitilun ado masu arha suna kyaftawa bisa wannan juyin. Ido bai gani, kyamara na gani, sai hoto ya riƙa rawa ko baƙaƙen layuka su riƙa gangarowa. Maganinsa a daidaita shota da juyin wutar, ɗaya cikin 60 a can, ɗaya cikin 50 a ƙasar da ke kan 50, sannan a gwada kowace fitilar ado a gaban kyamara kafin ranar aiki.

Hoton da ke tafiya a hankali ma lissafi ne. In aka ɗauka a firam 120 aka nuna a 24, motsi ya ragu sau biyar, hasken da ake buƙata kuma ya ninku sau biyar. Kyamarar Phantom na kaiwa firam 1,000, inda ɗigon ruwa ke tsayawa a iska, amma hasken da take nema ya kai ninki arba'in. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda gashi ke tashi a hankali alhali baki na tafiya daidai da waƙa. Dabarar ita ce a ɗauka a firam 48, a kunna wa mawaƙi waƙar da sauri ninki biyu, ya bi ta a haka. In an rage saurin hoton, baki ya faɗa kan waƙar asali. Layin da ke da kalmomi cunkus ba ya yiwuwa a haka, harshe ba zai kai ba.

Ta fuskar haske, ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk launukan nan mai sauƙi ce: launi na bango ne, fuska kuwa farin haske mai taushi. Babbar fitila a gaba daga sama kaɗan, wata mai rauni daga ƙasa tana share inuwar ƙarƙashin ido da haɓa, sannan ɗaya daga baya don baƙin gashi kada ya narke cikin duhu. Wanda ya kwarara ja ko shuɗi tsantsa a kan fata zai tarar a kwamfuta cewa fuskar ta zama faranti, babu tudu babu kwari, kuma ba ta gyaruwa. Akan busa siririn hayaƙi a ɗaki don hasken ya yi jiki, amma kaurinsa na sauyawa daga ɗauka zuwa ɗauka, in ba a sa ido ba hotuna biyu na wuri ɗaya su ƙi haɗuwa. Daɓe mai sheƙi yana ninka fitilu kyauta, sai dai takalmi na barin sawu, ga santsi, shi ya sa bayan kowace ɗauka masu goge-goge ke rugawa ciki.

Koren bango, wanda ake cirewa a sa wata duniya, yana da abokan gaba uku: gashi mai haske, kaya masu ƙyalli da hayaƙi. Koren na fallatsa a kansu, a yi kwanaki ana tsincewa firam bayan firam. Ƙaton bangon fitilun LED mai nuna hoton wurin da ake so, irin wanda kamfanin CJ ENM ya kafa a Paju, ya rage wannan domin hasken wurin na sauka a jikin mutum da gaske. Shi ma yana da sharaɗi: in kyamara ta mai da hankali a kan bangon, ko mawaƙi ya matsa kusa da shi, sai wani zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana.

Sutura da gashi su ne suka fi kai tsaye wajen amsa tambayar farko. Tsarin shi ne a yi kama ba a zama ɗaya ba: launi biyu ko uku ga kowa, amma ɗinki daban, wannan da dogon hannu, wancan da kwat, waccan da siket. Gashi kuwa tambari ne. A hoton da bai kai rabin daƙiƙa ba, ba fuska ido ke fara kamawa ba, launin kai ne, don haka ba a cika barin mutum biyu masu kama da juna da gashi iri ɗaya ba. Kafin baƙin gashi ya karɓi ruwan hoda ko shuɗi mai haske sai an kore baƙin da sinadari sau biyu ko uku, abin da ke ƙona fatar kai da karya gashi. Launin kuma ba ya jimawa, wanki kaɗan ya koɗe, saiwa na tsirowa wajen santimita ɗaya a wata. Saboda haka ake matse ɗaukar bidiyo da hotunan kundi kusa da ranar rini, kuma in aka dawo gyaran wani sin bayan mako guda, sai an sake rinin. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake ganin mawaƙa sun rufe kai ruf da hula a filin jirgi gab da fitowar sabuwar waƙa.

Kayan da suka yi kyau a tsaye ba lallai su jure rawa ba. Tela na farke hammata ya ƙara ƙyalle don hannu ya tashi, a ɗinke riga da wandon ciki don kada ta zazzago, a kama sarƙa da zare a jikin wuya, a sa wa dogon takalmi maɗauri. Ana zaɓen yadi mai bin motsi, geza ko jela ko sakakken hannu, domin yana ƙarasa abin da jiki ya fara, juyi ɗaya ya zama kamar biyu. Yadi mai ƙananan ratsi a jere ba ya shiri da kyamara, rawa yake yi a hoto. Sin ɗin ruwa ko na fenti shi ne na ƙarshe a jadawali, in ba haka ba sai an tanadi kaya biyu. Kwalliyar fuska ana yinta ne da sanin za a matso sosai: fata mai ɗan danshi, jan-baki mai kauri a tsakiyar leɓe yana koɗewa zuwa gefe, ɗan haske a ƙarƙashin ido, ƙananan duwatsu masu kama fitila. In danshin ya yi yawa, a ƙarƙashin manyan fitilu gumi yake zama.

Aron al'adu a nan yake shigowa, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. A bidiyon Idol na 2018, BTS sun haɗa hanbok, tufar gargajiyar Koriya, da kwat na yadi mai zanen atamfa. A 2020 Blackpink sun fito da hanbok da aka gajarta, ya samu karɓuwa, amma a bidiyon guda sai da aka goge gunkin Ganesha da aka ajiye a ƙasa bayan mabiya addinin Hindu sun koka. A shekarar dai aka cire wani sin na kayan nas daga wani bidiyonsu, bayan ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta Koriya ta Kudu ta nuna rashin jin daɗi. Gidajen talabijin ma na da nasu: KBS ta hana nuna bidiyon Gentleman na Psy a 2013 saboda ya yi ƙwallo da alamar hanya. Edita mai hankali yakan ajiye kowane sashe na aikin a ware, don ranar da za a ce a cire wani abu cikin dare.

A teburin tacewa, ana jera duk ɗaukar rawar a kan waƙar, layi bisa layi, ta yadda a kowace daƙiƙa edita na da zaɓi masu yawa na motsi guda. Ma'auninsa bugun kiɗa ne. Waƙa mai bugu 120 a minti, kowane bugu firam 12 ne cif. Mai bugu 128 kuwa firam 11 da kwata ne, wanda ya yi ta yanka a kan 11 zai tarar bayan bugu 16 ya kauce da firam huɗu, kuma ido na jin haka ko bai san dalili ba. Ƙwararru kan yanka firam ɗaya ko biyu kafin bugun, don sabon hoto ya riga ya zauna lokacin da ganga ta sauka. Yanka a kan kowane bugu kuma gajiyarwa yake yi, sai a riƙa tsallakewa, a bi murya a wani wuri, a bi ganga a wani. Abin da ke sa saurin bai rikita mutum ba shi ne wurin da fuska take: in idon mai kallo na tsakiyar allo a hoton da ya wuce, a nan zai tarar da fuska ta gaba. Ana ɓoye mahaɗa da wucewar wani a gaban kyamara, ko tafin hannu ya rufe gilashi, ko kyamara ta fizga gefe. Girgizar da ake ji a kan bugu sau da yawa ba a wurin ɗauka aka yi ta ba, an ɗauki hoton ne da girman 6K ko 8K, wato mai ɗigo da yawa fiye da abin da za a nuna, don a samu sararin zuƙowa da jijjigawa a kwamfuta.

Amshi yana da tasa doka. A nan ne ake da ɗan motsin da aka ƙirƙira don kowa ya iya kwaikwaya, kuma a amshin farko ya kamata edita ya janye hannu, ya bar hoto mai faɗi ya daɗe har a ga motsin sosai. A na biyu a cakuɗa ɗakuna, a na ƙarshe a saki komai. Bidiyoyi da dama na faɗuwa a nan: an sha wahalar rawa sau sittin, an daddatse ta har ba a ganin taku biyu a jere, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Fitar da bidiyon rawa zalla daga baya, ko na ɗakin atisaye, amincewa ce a fakaice cewa na farkon ya haɗiye rawar. Growl na EXO a 2013 ya bi ta ɗaya hanyar, aka tsara shi kamar ɗauka guda a cikin sito, kyamara na kewaya su. A irin wannan, tacewar ta koma cikin rawar kanta, kuma kuskuren mutum ɗaya a minti na uku na mayar da kowa farko.

Gyaran launi da na fata ke biyo baya, a manhajoji irin su DaVinci Resolve da Flame. Ana bin fuska firam bayan firam a share ƙuraje da layin gashin kanti. Nan ma akan wuce gona da iri, a goge fata har ta koma roba, ko a ɗashe ta fiye da yadda mai ita yake, abin da magoya baya na ƙasashen waje suka daɗe suna suka. Wataƙila gajiya da wannan sheƙin ne ya sa Ditto na NewJeans, a Disambar 2022, ya yi tasiri da hotonsa mai kama da na tsohuwar kyamarar kaset.

Daga nan sai YouTube ya matse fayil ɗin. Abubuwan da darakta ya fi so, ruwan takardu masu ƙyalli, tartsatsi, hayaƙi, su ne matsewar ta fi lalatawa, domin kowane ɗigo na motsi ta kansa, sai fuska ta farfashe ta zama dabbare-dabbare a daidai ƙololuwar waƙa. Bango mai launi ɗaya da ke dushewa a hankali shi kuma yakan fito da layi-layi. Ana rage wannan da ɗora bidiyon a 4K ko da yawancin masu kallo a waya suke, da kuma barbaɗa ɗan tsakuwa-tsakuwa a hoton. Akan saki bidiyo da ƙarfe shida na yamma agogon Seoul, goma na safe ke nan a Kano, kuma awa 24 na farko gasa ce: Butter na BTS ya samu kallo miliyan 108.2 a 2021.

Allon tsaye na TikTok da Shorts na YouTube ya sake taɓa komai tun daga 2020, lokacin da gasar kwaikwayon rawar waƙar Zico ta bazu. Hoton 4K faɗinsa ɗigo 3,840 ne, in aka yanko tsaye daga cikinsa 1,215 kawai ke saura, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Masu ɗauka yanzu na sa layukan tsaye a allon dubawa don su san abin da zai tsira, masu tsara rawa kuma na tattaro motsin amshi zuwa hannu da kafaɗa da fuska, abin da mutum zai iya yi a tsaye wuri ɗaya. Mutum 13 ba sa shiga wannan allon, sai a ɗauke su bibbiyu ko uku-uku, galibi a ranar ɗaukar babban bidiyon, kafin a rushe ɗakin kuma kafin launin gashi ya koɗe.